Abin da Na Kashe a Kan Wasannin Bidiyo da Abin da Aka Ba Ni Ranar da Na Sayar

An haife ni a birnin Kano a ƙarshen shekarun 1980, a gidan wani ɗan kasuwa mai sayar da yadi a Kantin Kwari. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan labari shi ne yadda nake ganin matasa da yawa, musamman waɗanda suka fara ɗaukar albashi, suna tara na'urorin wasan bidiyo da fayafansu, kuma idan aka yi musu magana sai su ce ai kadara ce, ranar da ta ɓaci za su sayar su mayar da kuɗinsu. Ni ranar ta zo mini, na sayar, kuma da yake tun farko ina rubuta duk abin da na kashe, ina da alƙaluman da zan iya nunawa. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin yawancin mutanen da ke cikin labarin suna raye kuma ban nemi izininsu ba.

Mahaifinmu, wanda muke kira Baba, bai yi boko mai zurfi ba, amma ban taɓa ganin mai riƙe lissafi kamarsa ba. Da ajami yake rubutu a manyan littattafai masu bangon kwali, kuma ko goron da ya saya wa baƙo a shago sai ya shiga ciki. A unguwarmu kuwa akwai gidan gem, wani ɗan shago mai benci biyu da talabijin da ƙaramin janareta, inda muka fara da Sega Mega Drive, daga baya mai shagon ya kawo PlayStation da wasan ƙwallon Winning Eleven, wanda rubutunsa duk na Japananci ne amma mun haddace inda ake dannawa ba tare da mun iya karanta ko harafi ɗaya ba. Ƙa'idar wurin ita ce wanda aka ci shi ke biya, saboda haka rashin iya wasa yana da tsada. Lokacin da Baba ya gano inda kuɗin tarata ke tafiya, na ɗauka duka zan sha. Sai ya miƙo mini ƙaramin littafin rubutu ya ce: “Ba zan hana ka ba matuƙar ba ka bar salla da makaranta ba, amma duk sisin da ka kai wurin nan ka rubuta shi, ranar Juma'a ka kawo mini in gani.” A lokacin na ga kamar horo ne mafi muni da duka, domin babu abin da ya fi nauyi kamar ka tsaya gaban mahaifinka yana bin layukan da yatsa bai ce maka komai ba.

Ɗabi'ar ta bi ni har girma. A shekarar 2012 na samu aiki a sashen kula da kaya na wani kamfani mai zaman kansa a Kaduna, wanda ke shigo da kayan aiki daga waje, kuma daga albashina na farko-farko na sayi PlayStation 3 ta hannu. Daga nan sai sha'awa ta buɗe. Na nemo PlayStation 2, na'urar da ta fito a 2000 kuma aka sayar da fiye da miliyan 155 nata a duniya, wadda a lokacin tasheninta ban da halin mallaka. Na nemo Mega Drive irin ta gidan gem ɗin unguwarmu. Idan na zo Kano hutun ƙarshen mako sai na zaga Sabon Gari da titin Beirut, kuma ina da wani ɗan kasuwa a Alaba ta Legas da ke kira na duk lokacin da aka buɗe dilar kayan gwanjo daga Ingila aka samu fayafai na asali a ciki. A 2014 na sayi PlayStation 4 sabuwa a kan naira 95,000, watanni kaɗan bayan fitowarta a Nuwamban 2013 a kan dala 399. Duk wannan yana shiga lissafi, da farko a littafi, daga baya a Excel, da rana da sunan kaya da wurin saye da farashi, har da kuɗin mota da kuɗin aike da kuɗin gyaran hannun wasa idan ya lalace.

Akwai wani ɓangare na kashe kuɗin da ya kamata in yi bayaninsa, domin shi ne ya fi saurin sulalewa ba a ji ba. Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da ake zaɓa wajen buɗe asusun PlayStation, saboda haka kamar yawancin abokaina asusun Amurka na buɗe, kuma ina sayen katin cika asusu a hannun dillalai, su kuma da farashin dala na kasuwar bayan fage suke lissafi, su ɗora ribarsu a kai. Muddin dala tana 160 zuwa 170 abin bai dame ni ba. A watan Yunin 2016 Babban Bankin Najeriya ya saki naira daga 197 da aka ɗaure ta, kuma kafin farkon 2017 'yan canji a Wapa suna kiran kusan 500 a kan dala ɗaya. Wasan da farashinsa bai motsa daga dala 60 ba ya ninka sau uku a aljihuna. Ban daina saye ba, sai dai na koma jiran lokutan rangwame, ina sauke wasanni ta intanet cikin dare, ina kuma biyan kuɗin shiga wasa da mutane na shekara-shekara. Waɗannan ma na rubuta su, a gida ɗaya da fayafai, domin a ganina a lokacin duk wasa wasa ne.

Na yi aure a 2017, kuma matata ta tarar da ɗaki guda a gidan da kantoci cike da kwalaye. Ba ta taɓa yi mini gori ba. Sau ɗaya kawai ta tambaye ni, cikin raha, ko waɗannan su ne kishiyoyinta, na ce mata su ne asusun gidanmu. Na faɗa ne da wasa, amma a raina rabin maganar gaske nake nufi.

Abin da ya ƙarfafa mini wannan tunani ya faru a 2021. A watan Yulin shekarar an yi gwanjon wani kwafin Super Mario 64 da ba a taɓa buɗe ledarsa ba a kan dala miliyan 1.56 a kamfanin gwanjo na Heritage Auctions da ke Amurka, kuma a watan Agusta wani kwafin Super Mario Bros. ya kai dala miliyan 2. Labarin ya zaga ko'ina, kowa ya fara kallon tsofaffin kaset ɗinsa da wani sabon ido. A lokacin ne na san shafin PriceCharting, wanda ke tattara farashin da aka sayar da wasanni a kasuwanni irin su eBay, ya kuma kasa kowane wasa zuwa matakai: wanda yake tsurarsa babu kwali, wanda yake cikakke da kwalinsa da ɗan littafinsa, da sabo wanda ba a buɗe ba. Na ƙara gida na biyu a lissafina, na sa masa suna daraja, na bi kayana ɗaya bayan ɗaya ina cikewa. Jimillar ta kusa dala 5,000. Daga nan duk lokacin da naira ta faɗi, maimakon in damu sai in buɗe Excel in ga adadin ya ƙaru da kansa, in ji wani sanyi a raina. A ƙarshen wannan shekarar na sayi PlayStation 5 a kan naira 430,000, duk da cewa farashinta na asali dala 499 ne, domin a lokacin ta yi ƙaranci a duniya baki ɗaya kuma mai ita shi ke yanka farashi.

Mutum na farko da ya girgiza wannan lissafi malami ne da nake ɗaukar karatu a wurinsa bayan magariba. Ganin adadin ya yi yawa, sai na tambaye shi ko akwai zakka a kaina. Ya bayyana mini cewa kayan da mutum ya ajiye don amfanin kansa, kamar katifa da kujera da abin hawa, babu zakka a kansu, amma abin da aka saya da niyyar sayarwa don neman riba hukuncinsa na kayan kasuwanci ne, kuma a mazhabar Malikiyya an bambanta mai juya kaya kullum da mai ajiyewa yana jiran kasuwa ta tashi, wanda shi sai ya sayar yake fitarwa. Sai ya dube ni ya ce: “Malam, da wace niyya ka saye su?” Na ce don in yi wasa. Ya ce to kayan wasa ne ke nan, in bar wahalar da kaina. Na fita ina murna an sauke mini nauyi, sai a hanya na lura cewa amsar da na ba malam ta saɓa da amsar da nake ba matata da kuma wadda nake ba kaina.

A ranar 29 ga Mayun 2023 aka sanar da cire tallafin man fetur, a watan Yuni kuma aka haɗe farashin canji, naira ta tashi daga kusan 460 zuwa sama da 700 a hukumance. Kamfaninmu da dala yake sayo kaya, da naira yake sayarwa, saboda haka kafin ƙarshen shekarar an rage ma'aikata, ni ma ina ciki. Na dawo Kano da iyalina, muka kama haya kusa da gidanmu, ina neman aiki ina ɗan taɓa dillanci. A farkon 2024, lokacin da dala ta haura 1,500, Baba ya faɗi a shago da ciwon shanyewar ɓarin jiki.

Wanda bai taɓa jinyar irin wannan ciwo ba ba zai gane yadda kuɗi ke tafiya ba. Akwai hoton ƙwaƙwalwa, akwai gwaje-gwaje, akwai magunguna da yawancinsu daga waje suke zuwa kuma farashinsu na bin dala, sannan bayan an sallami mara lafiya akwai gashin ƙashi da ake yi wata da watanni. Jarin Baba yana cikin kaya da basussukan da ke hannun mutane, waɗanda ba a iya tattarowa cikin mako guda. Yayana ya sayar da babur ɗinsa, ƙanwarmu ta kawo 'yan kunnenta na zinare, kuma a gabana mai sayen zinaren ya ɗora su a sikeli ya faɗi kuɗi ya biya nan take, babu dogon zance. Ni kuma na ce musu kada su damu, ina da kaya da suka kai naira miliyan 7 da ɗoriya, domin haka Excel ya nuna mini da na buga dala 5,000 da farashin ranar. Na tuna yadda Yaya ya dube ni da mamaki da kuma sauƙin zuciya, ya ce: “Ashe dai wasan naka bai tashi a banza ba.” Wannan magana ta daɗe tana yi mini ciwo, domin na sa musu rai da adadin da ban taɓa gwadawa a kasuwa ba.

Na kira wani ɗan kasuwa da na daɗe ina ciniki da shi, ya zo gida ya duba kayan tsaf, ya kunna na'urorin, ya ɗaga fayafai yana kallon bayansu a hasken taga. Na nuna masa lissafina a waya. Ya karanta cikin natsuwa sannan ya ce: “Yallaɓai, wannan farashin na mutanen Amurka ne. Idan kana da mai saye a can, Allah ya ba da sa'a. Ni a nan zan sayar.” Ya taya duka a kan naira miliyan 1 da dubu 100. Na ce albarka, raina a ɓace, ina ganin ya ga ina cikin matsi ne yake so ya yi mini wayo. Daga baya na gane cewa ido ba mudu ba ne amma ya san kima, domin tayinsa, idan aka cire ribar da dole ya nema da watannin da kayan za su yi a shagonsa, bai yi nisa da gaskiyar kasuwa ba.

Daren ranar ban yi barci ba. Na buɗe lissafin na kasa shi kashi-kashi, abin da ban taɓa yi ba a duk tsawon shekarun. Daga 2012 zuwa 2023 na kashe kimanin naira miliyan 4 da dubu 700. A ciki, kusan miliyan 1 da dubu 600 na na'urori ne da hannayen wasa, miliyan 1 da dubu 700 na fayafai da kaset, miliyan 1 da dubu 100 na wasannin da na sauke ta intanet da kuɗin shiga na shekara-shekara, ragowar kuma na gyara da aike da na'urar daidaita wuta. Da na kalli kashi na uku sai gabana ya faɗi, domin babu ko abu ɗaya a cikinsa da zan iya ɗauka in miƙa wa wani. Wanda ya sayi wasa ta intanet izinin amfani ya saya, izinin kuma a ɗaure yake da asusunsa, kuma sharuɗɗan da ake amincewa da su wajen buɗe asusu sun hana sayar da shi ko miƙa shi ga wani. Wani yaro ya taya asusun gaba ɗaya da kuɗin da bai kai na wasa biyu sababbi ba, na ƙi, saboda ya saɓa sharaɗin da na amince da shi, kuma bayanaina suna ciki. Irin wannan kaya ma dawwamarsa ba a hannun mai saye take ba. Kamfanin Nintendo ya rufe saye a shagunan intanet na na'urorinsa 3DS da Wii U a ranar 27 ga Maris 2023, an kashe wasan tseren mota na The Crew a ƙarshen Maris 2024 ta yadda ko mai faifansa ba zai iya kunna shi ba, shagon intanet na na'urar Xbox 360 kuma an rufe shi a ranar 29 ga Yulin 2024.

Fayafan ma ba su zama yadda na zata ba. Kaso mafi yawa a cikinsu na ƙwallon ƙafa ne, domin kowace shekara ina sayen FIFA da PES da zarar sun fito. Wasan ƙwallo kuwa shekara guda yake rayuwa, da an fitar da sabo mai sababbin 'yan wasa sai na bara ya zama tarihi, ballantana PES ya koma eFootball a 2021 ana sauke shi kyauta, FIFA kuma ya koma EA Sports FC a 2023. Na haɗa su duka a ƙunshi ɗaya na sayar a kan kuɗin da bai isa sayen sabo guda ɗaya ba. Tsofaffin fayafan PlayStation 2 da 3, waɗanda na fi alfahari da su, sun gamu da matsala uku a lokaci guda. Yawancinsu bugun Turai ne da ake kira PAL, ni kuma farashin bugun Amurka na riƙa kwafowa, wanda a mafi yawan waɗanda nake da su ya fi tsada. Da yawa kuma sake bugu ne mai rahusa da ake wa laƙabi da Platinum, wasu babu ɗan littafinsu, wasu ƙurar hunturu ta karce su, alhali ni a gidan cikakke na sa su. Matsala ta uku ita ce mafi girma: a kasuwarmu ana buɗe na'ura a loda mata wasanni da yawa a ciki da kuɗi kaɗan, saboda haka mai neman faifai na asali na tsohuwar na'ura ba shi da yawa, kuma wanda ke Ingila ko Amurka da zai biya farashin kirki, kuɗin aika masa da kason da kasuwar intanet ke cirewa sun cinye bambancin. Har ila yau wani mai saye daga Abuja da ya san harkar ya nuna mini cewa biyu daga cikin kaset ɗin Pokémon na Game Boy Advance da nake ji da su jabu ne, domin babu lambar da ake dannawa a jikin takardar na asali.

Sai na yanke shawarar yadda zan sayar, kuma a nan ne lissafin ya yi mini rana. Yaya yana ganin in sallama wa ɗan kasuwar duka a wuce wurin, ni kuma na roƙe shi ya ba ni dama in raba kayan biyu. Abin da ke da masu nema nan take na sayar cikin kwanaki don biyan kuɗin asibiti: PlayStation 5 ta tafi a kan naira 620,000, Nintendo Switch da wasanninta suka biyo baya. Wasannin Nintendo su ne suka fi riƙe darajarsu a duk abin da na mallaka, irin su Mario Kart 8 Deluxe da ya fito tun 2017, saboda kamfanin ba ya yawan karya farashinsu, kuma iyaye a Abuja da Legas suna nema wa 'ya'yansu. Hannayen wasa na asali ma sun yi kasuwa fiye da zatona, domin jabu sun cika gari kuma masu gidajen gem sun san bambanci. Sauran kayan na riƙa sa su ɗaya-ɗaya a Jiji da Facebook da zaurukan WhatsApp, ina sayarwa a hankali don biyan kuɗin gashi da magani na kowane wata. Da yake ina da ranar saye da farashi da yanayin kowane kaya a rubuce, ban taɓa tsayawa ina kame-kame gaban mai saye ba, kuma na san inda zan ce albarka da inda zan sallama. Bayan kusan wata biyar, jimillar abin da ya shigo hannuna ta kama naira miliyan 2 da dubu 200, wato ninki biyu na tayin farko, amma ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na abin da na faɗa wa 'yan uwana.

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji a watannin nan ba sai dai in ce kunya ta fi baƙin ciki yawa. Rabuwa da kayan ba ta yi mini zafi kamar yadda na zata ba, domin duk faifan da ya fita na san maganin da ya koma. Abin da ya fi ci mini rai shi ne ranar da na zaunar da Yaya da ƙanwarmu na gaya musu ainihin adadin, da yadda suka yi saurin cewa babu komai, Allah ya saka da alheri, alhali na san sun gina shirinsu a kan maganata ta farko. Matata ce ta riƙa ɗaukar hotunan kayan tana goge kwalayen kafin masu saye su zo, kuma ko sau ɗaya ba ta tuna mini da zancen asusun gida ba.

Akwai wani darasi da Baba da kansa ya ba ni daga kan gadon jinya. Bayan an dawo da shi gida, maganarsa ta yi nauyi, kalma biyu ko uku yake iya haɗawa. Wata rana ina so in faranta masa, sai na ce: “Baba, kun ga har riba na ci. Na'urar da na saya 95,000 a 2014 na sayar da ita 170,000.” Ya yi shiru yana kallona, sannan da ƙyar ya ce: “Buhu nawa?” Ban gane ba sai da ya maimaita. Shinkafa yake nufi. A 2014 kuɗin da na biya zai sayi buhu kusan 10 na shinkafa mai kilo 50, a lokacin da na sayar kuwa kuɗin da na karɓa buhu biyu ne da ɗan wani abu. Da dala ma haka abin yake, na saya a kan sama da dala 550, na sayar a kan abin da bai kai 120 ba. Ko PlayStation 5 da nake ganin na ci ribar 190,000 a kanta, da na auna da dala sai na ga na saya a kusan 750 na sayar a kusan 410. Mutumin da ya yi shekaru yana sayar da yadi a ƙasar da kuɗinta ke narkewa ya san cewa idan adadin naira ya ƙaru, tambayar da ake yi ita ce ko kuɗin zai iya mayar da kayan da aka fitar.

Ba na so mai karatu ya ɗauka ina cewa kuɗin ya tafi a banza, domin lissafin da kansa bai ce haka ba. Sababbin na'urori suna nuna sa'o'in da mutum ya yi a kan kowane wasa, kuma kafin in sayar na kwafe su na raba da farashi. Sakamakon ya ba ni mamaki. Wasannin ƙwallon da ba su da wata daraja wajen sayarwa su ne mafi araha a duk abin da na taɓa saya, domin na yi ɗaruruwan sa'o'i a kansu da abokai da ƙanne, musamman a lokacin kullen korona na 2020, kuma idan aka raba, kowace sa'a ba ta kai kuɗin kofin shayi ba. Wasu daga cikin waɗanda na sauke ta intanet a lokacin rangwame ma haka suke. Mafi tsada su ne kusan kashi ɗaya cikin uku na fayafan, waɗanda na saya saboda an ce suna wuyar samu ko don kanta ta cika, ban taɓa wuce sa'a guda a kansu ba, kuma su ne na fi sa wa rai da cewa jari ne. A ganina wanda ya sayi wasa ya more shi ya ci kuɗinsa ko da bai sayar da shi ko sisi ba, kuma ba na jin akwai abin kunya a ce magidanci yana da abin da yake hutawa da shi, matuƙar ya san a wane gida na lissafi ya ajiye shi.

Baba yana nan da rai, yana takawa da sanda, Yaya ne ke riƙe da shagon. Ni kuma na samu aiki a ƙarshen 2024 a wani kamfanin rarraba kaya a nan Kano, albashin bai kai na da ba idan aka auna da abin da yake saye. Daga cikin kayan na bar PlayStation 2 da hannaye biyu da 'yan fayafan da babu wanda ya taya, da kuma Mega Drive wadda tayin da aka yi mata bai kai in rabu da ita ba. Lissafin ma na ci gaba da shi, sai dai fasalinsa ya sauya. Kusa da farashin naira yanzu ina rubuta farashin dala na ranar da kuma kuɗin buhun shinkafa. Duk abin da aka sauke ta intanet ko aka biya na wata-wata yana shiga gida ɗaya da kuɗin data da man janareta, darajarsa sifili tun ranar saye. A gidan daraja kuwa na daina sa farashin wani shafi na waje, ina sa mafi ƙarancin tayin da wani mutum na gaske ya yi mini a Kano ko Abuja ko Legas, bayan na cire kuɗin aike, kuma idan babu wanda ya taya sai in bar wurin babu komai. Kuɗin ko-ta-kwana na gida yana wani asusu dabam da ba ya haɗuwa da wannan, kuma sai na zuba masa kasonsa na wata sannan nake duba ko akwai ragowar da za ta shiga wasa. A watanni da yawa babu, a wasu kuma akwai ɗan abin da nake tarawa domin sayen PlayStation 4 ta hannu, wadda a farashin da ake kira yanzu nake sa ran kammala kuɗinta bayan babbar salla.